Rawani Mai Launi Biyu

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai yawan marina, tun zamanin da ba a rubuta ranar da abu ya faru. Sarkin nan ba azzalumi ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Yana son a kira shi adali, kuma yana ƙoƙari daidai gwargwado. Abu ɗaya ne ya yi masa yawa, wato ya yarda da idonsa fiye da kima. Yakan ce in ya dubi mutum sau ɗaya, ya gama karanta abin da ke zuciyarsa. Wazirinsa kuwa dattijo ne da ya yi zamani da sarakuna uku, saboda haka in ya ji wannan magana sai ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya sunkuyar da kai yana kallon darduma.

Wata safiya a farkon damina, ruwa ya sauko ya ɗauke, gari ya yi sanyi, ƙasa tana ƙamshi. Sarki yana karin kumallo aka zo masa da albishir cewa yayarsa, wadda ta goya shi yana jariri, ta tashi daga ciwon da ya kwantar da ita wata biyu, har ta nemi a dama mata kunun tsamiya. Sarki ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Nan take ya ce a ɗaura sirdi zai je ya gaishe ta. Hanyar gidanta kuwa ta marina ta bi, inda ake rina tufafi da baba a cikin ramuka masu zurfi.

To, al'adar garin ita ce, in sarki zai wuce, kowa ya saki abin da ke hannunsa, ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa. Marina duka suka yi haka, ban da mutum ɗaya. Yana can ramin ƙarshe, gindin wani durumi, ya ba hanya baya, hannuwansa biyu cikin baba har gwiwar hannu. Bai ɗago ba, bai waiwayo ba.

Sarkin Dogarai ya zabura zai yi kansa, sai sarki ya ɗaga hannu ya tsai da shi. Ya yi murmushi ya ce, "Waziri, ka ga mutumin kirki? Amanar kayan mutane ce a hannunsa, ko sarki bai isa ya ɗauke masa hankali daga gare ta ba. Da ina da irinsa goma a fada, da na huta. A kai masa riga daga cikin nawa."

Waziri ya ce, "An gama, Allah ya ba ka nasara."

Aka kai riga. Sarki kuwa ya wuni yana jin daɗin kansa. Ya ji daɗi ya yabi mutum, yabon kuma ya ƙara masa wani daɗin, don ya ga kansa sarki ne mai gane mutane. Tuwon ranar ya fi na kullum daɗi, ko da yake mai tuƙin ba ta canza komai ba. Duk baƙon da ya sauka a fada cikin makonnin nan sai an ba shi labarin marinin kirki, kuma kullum labarin yana ƙara kyau.

Bayan kamar wata biyu, sarki ya wayi gari wuyansa ya sanƙare. Matashin kai ne ya zame masa, ba wani abu ba. Amma da ya fito fada, duk wanda ya gaishe shi ta dama ko ta hagu, ba ya iya juyawa ya dube shi, sai dai ya amsa yana kallon gaba, fuska a ɗaure saboda zafi. Fadawa suka ga haka suka ce yau ba lafiya, sarki yana fushi, kowa ya kama bakinsa. Sarki ya ji fada ta yi tsit, ba mai raha, ba mai kirari, sai ya ce a ransa lalle mutanen nan akwai abin da suke ɓoye masa. Ransa ya ɓaci. Da ransa ya ɓaci wuyan ya ƙara ɗaurewa, fadawa kuma suka ƙara shiga taitayinsu. Kafin hantsi, fushin da ake zato ya zama na gaske, kuma ba wanda zai iya cewa ga inda ya faro.

A cikin wannan hali aka tuna masa zai je duba ganuwa, inda ruwa ya zubar. Ya hau da ƙyar, kowane taku na doki yana amsawa a wuyansa. Hanya ta sake bi ta marina. Mutane suka zube suna gaisuwa, sai mutum ɗaya ya rage, ya ba hanya baya, hannuwansa cikin rami.

Sarki ya ja linzami. Ya ce, "Wane ne wancan da ya fi ƙarfin gaisuwa?"

Waziri ya buɗe baki, ya dubi fuskar sarki, ya mayar ya rufe.

Sarki ya ce, "A garina, gaban jama'ata, a ba ni ƙeya? A kama shi. A cike raminsa da ƙasa. Ranar Juma'a in an sauko masallaci ya bar mini gari, shi da iyalinsa."

Dogarai suka fizge mutumin daga bakin rami, yana cewa a yi masa haƙuri kaɗan, ba wanda ya saurare shi. Wanda bai san rini ba zai ce ai rami ne kawai, a haƙa wani. Ba haka ba ne. Ramin baba gado ne, kaka ya haƙa, uba ya gyara, ɗa ya ci abinci. Marinin da aka cike wa rami aka kuma kore shi daga garinsu, an bar masa hannuwa ne kawai, an ɗauke abin da zai yi da su. Wannan abu ya faru ran Talata.

Washegari wanzamin sarki ya murza masa wuya da man shanu, wuya ya saki. Ciwo ya tafi, amma fushi bai bi shi ba. A da ɓacin rai ne ya haifi hukunci, yanzu kuma hukuncin ne ya koma yana ciyar da ɓacin ran. Sarki ya zauna yana tuna abin da ya gani, sai ya tuna kamar kafaɗun mutumin suna motsi. Ya tambayi fadawa, "Ba dariya yake yi ba kuwa?" Suka ce, "Dariya ce, ranka ya daɗe, mu ma mun gani." Da azahar ya tuna kamar mutumin ya tofar da yawu. Fadawa suka ce har sau biyu. Su kam, ko cewa ya yi ya ga mutumin da ƙaho, sai sun faɗi tsawonsa.

Duk da haka zuciyarsa ta ƙi kwanciya, kuma wannan ne ya rikita shi. In hukuncin daidai ne, me ya hana shi cin abinci? In kuma ba daidai ba ne, me ya sa duk sanda ya tuna mutumin sai ya ji ya ƙara tsanarsa? Ya sallami kowa, ya bar Waziri.

Ya ce, "Waziri, tun jiya ba ka ce komai ba. Shirunka ya fi surutun waɗancan damuna."

Waziri ya gyara zama ya ce, "Ya sarki, tsufa ne ya sa nake haɗa abubuwa. Na tuna a farkon damina ma mun wuce wani marini da bai tashi ba, aka ba shi riga."

Sarki ya ce, "Kada ka haɗa su. Wancan sunkuyo ya yi irin na mai tawali'u. Wannan kuwa baya ya juya mini."

Waziri ya ce, "Allah ya ƙara maka basira, ni duka biyun bayansu kawai na gani. Yaya ake bambance bayan mai tawali'u da bayan mai raini?"

Tambayar nan ta ba sarki haushi. Ya ce, "Ido ne, Waziri, ba kowa aka ba ba. Bari in nuna maka. Gobe da safe a kawo mini su duka biyun. A gaban mai rainin zan ɗauki gidansa da filin raminsa in ba mutumin kirkin nan, don jama'a su ga bambancin da kai ka kasa gani."

Waziri ya ce, "An gama." Ya fita yana jan ƙafa, kamar wanda aka aika ya ɗauko garwashi da hannu.

Ran Alhamis da safe fada ta cika. Dogarai suka shigo da mutum ɗaya, siriri, mai furfura a gemu, hannuwansa baƙi ƙirin da shuɗin baba. Yana sanye da wata babbar riga mai aiki, ya kuma rungumo wani ƙunshi a hammata, wanda matarsa ta kai masa tare da rigar inda ake tsare da shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya gane rigarsa tun daga nesa, fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Madalla da mutumin kirki. Ka gani, Waziri? Dubi natsuwa a fuskarsa. Yaya sunanka, bawan Allah?"

Ya ce, "Nomau, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "To, ina ɗayan? A shigo da mai taurin kan."

Waziri ya ce, "Ya sarki, duka biyun suna gabanka. Na bincika marina kaf. Ramin gindin durumi mutum ɗaya ne yake da shi, tun mutuwar ubansa."

Sarki ya dubi Nomau, ya dubi Waziri, ya sake duban Nomau. Fuskar da ya gama yabo yanzun nan sai ta soma yi masa kama da ta mai raini, ya ƙifta ido ta koma ta mutumin kirki. Kansa ya ɗaure. Can ya ce, "Nomau, zan tambaye ka, kuma ka faɗi gaskiya. Ranar da na ba ka rigar nan, me ya hana ka tashi?"

Nomau ya ce, "Ya sarki, in an ba ni aminci zan faɗa."

"An ba ka."

Ya ce, "Raini ne ya hana ni, ranka ya daɗe. Ana gobe za ka wuce, dokin wani manzonka ya bi ta kan zannuwan mutane da na shanya, ya tattake su cikin taɓo, ko waiwaye bai yi ba. Na koma gida matata Tasalla ta ce ni ne mai sakaci. Na wayi gari ina jin haushin manzo, da doki, da wanda ya aiko su. Da na ji kana tafe, sai na ce yau ko za a yanka ni ba zan gaishe ka ba. Na tsoma hannu a rami don a ce aiki nake. Wallahi ba komai a hannuna ranar, ruwa kawai nake motsawa."

Wani bafade ya ce subhanallahi a hankali. Sarki ya ji kunya ta rufe shi, don ya tuna baƙi nawa ya ba labarin amanar da ke hannun mutumin nan. Ya ce, "Ran Talata fa? Rainin ne ya dawo?"

Nomau ya kwance ƙunshin nan ya shimfiɗa a gaban sarki. Rawani ne mai laushi, dogo. Rabinsa ya rinu ya yi baƙi mai sheƙi, ɗaya rabin kuwa ya koɗe, ya yi dabbare-dabbare, ba kyan gani.

Ya ce, "Ya sarki, da aka kawo mini riga ina jiran bulala, sai kunya ta kama ni. Na sa ta, na dubi garin nan, sai na ga ashe gari ne mai kyau. Hatta hanyar marina da nake zagi kullum saboda taɓo, sai na ga ai taɓon ba shi da yawa. Na ce wannan sarki ba irinsa. Na sa masaƙi ya saƙa mini rawanin nan don in rina maka da hannuna. Mu kuwa a wajen rini, ana tsoma abu ne a ɗago ya sha iska, a sake tsomawa, har ya kama. In hannu yana juya shi a cikin baba, ba a saki. In aka saki, wani gefe ya sha, wani bai sha ba, shi ke nan an ɓata. Ina tsomi na ƙarshe ka iso. Na ji ka sarai, zuciyata ta durƙusa, hannuna ne ba shi da halin tashi. Na ce in na kawo maka shi za ka gane. Da dogarai suka fizge ni, rabi ya faɗa rami, rabi ya rataye a baki. Ga shi yadda ya bushe."

Sarki ya daɗe yana kallon rawanin. Sa'an nan ya ce, da murya ƙasa ƙasa, "Wato ranar da ka raina ni na ba ka riga, ranar da ka girmama ni na cike maka rami."

Nomau ya ce, "Haka ta kasance, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "To yanzu ni me zan yi da kai? In hukunta ka a kan rainin farko, na riga na saka maka da riga. In saka maka a kan rawani, na riga na hukunta ka. Ni da nake cewa ina karanta zuciya, sau biyu na karanta, sau biyu na juya allon. Kai wane ne a cikin biyun nan, mai raini ko mai ƙauna?"

Nomau ya ce, "Ya sarki, ni ma da za a gaya mini da na gode. Kwana biyun nan da na yi a tsare, ba sharrin da aka taɓa faɗa a kanka da ban tuno ba. Na gaskata su duka, har na ƙara nawa. Jiya kai ne mafi zaluncin sarakuna a wurina, shekaranjiya da safe kai ne mafi adalcinsu, kuma ina jin kai ɗin dai kai ne. Ciwon da ke damunka shi ke damuna. Bambancin kawai, ni in na yi kuskure a kanka, bakina ne yake ɗaci. Kai in ka yi kuskure a kaina, gidana ne yake tashi."

Maganar nan ta soki sarki, amma bai yi fushi ba. Ya ce, "Ku a sana'arku, yaya kuke gane abu ya rinu daidai?"

Nomau ya ce, "Ba ma dubawa da jiƙe, ranka ya daɗe. Zane in ya fito daga rami kore yake fitowa. Wanda bai sani ba sai ya ce an ɓata masa kaya. Sai ya sha iska yake nuna launinsa na gaskiya. In ya bushe kuma, ba ni zan ce ya yi ba, maƙwabcina nake kai wa, wanda bai wuni yana kallon ramina ba, don idon da ya daɗe a kan baba komai shuɗi yake gani." Ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna wa sarki. "Kuma dubi nan. Ni nake rina zane, amma shekara arba'in ke nan zanen bai taɓa barina na tafi da farin hannu ba. Ina jin mai hukunci ma haka ne. Zuciyarsa tana rina abin da ya gani, abin da ya yanke kuma ya dawo ya rina zuciyar."

Sarki ya juya ga Waziri ya ce, "Kai kuma ka sani tun a marina ka yi shiru."

Waziri ya ce, "Na yi zato, ranka ya daɗe. Amma ranar fuskarka ba ta karɓar baƙi."

Sarki ya ce, "Wuyana ne yake ciwo."

Fadawa suka dubi juna. Kwana uku suna tafiya a kan yatsu, kowa yana lissafin laifin da ya yi, ashe matashin kai ne. Waɗanda suka ga dariya da tofar da yawu kuwa, kowannensu ya sami abin kallo a ƙasa.

Sarki ya janye korar nan take, ya ce dogaran da suka cike ramin su za su kwashe ƙasar da hannunsu. Amma babar da ke ciki ta riga ta mutu, sai da Nomau ya yi kusan wata guda kafin ya sake haɗa wata babar ta nuna, kuma watan nan da ya rasa ba wanda ya iya mayar masa da shi. Sarki ya san haka, ya kuma faɗa da bakinsa a gaban jama'a, ya nemi gafararsa.

Nomau ya soma tuɓe rigar, ya ce tunda ba a kan gaskiya ya same ta ba, gara ya mayar. Sarki ya ce, "Bar ta a jikinka. Cikin kurakuraina biyu, ita ce wadda ta gyara mutum." Nomau ya ce to a ba shi rawanin ya sake tsoma shi, ya haɗe launin, don bai dace da kan sarki ba a haka. Sarki ya ce, "Rabin nan mai kyau aikinka ne, mai dabbaren kuwa aikina ne. Ba za a rufe mini shi ba." Ya sa aka warware rawanin da ke kansa, aka naɗa masa wannan, ya ce a bar gefen da ya koɗe ta gaba, inda zai riƙa hango shi.

Tun daga ranar ya kafa doka a kan kansa. In abu ya ba shi haushi, ba ya yanke hukunci sai ya kwana uku, kuma sai wanda bai ji haushin ba ya duba maganar. In abu ya burge shi ma haka, don ya gane daɗin rai yana rufe ido kamar yadda fushi yake rufewa. Bai daina rikicewa ba, sau da yawa akan ga ya tsaya a tsakiyar shari'a, yana murza gefen rawanin nan, ya ce, "Yau ban san ko maganar ce ba daɗi, ko ni ne ba daɗi. Ku dawo jibi." Mutanen garin kuwa suka fi samun kwanciyar hankali da sarkin da ke cewa bai sani ba, fiye da wancan da ke karanta zuciya da kallo ɗaya.

Baƙi sukan yi mamakin babban sarki da rawani mai dabbare, wani ma har ya kasa haƙuri ya tambaya. Sarki yakan ce, "Wani marini ne ya rina rabi, ni na rina rabi. Shi ya koya mini cewa mai son adalci ya fara duban launin hannunsa, kafin ya faɗi launin zanen wani."